Gani Ya Kori Ji? Sharhi Bisa Tsofaffin Hotuna Ukku

Jama'a, Hausawa sun ce gani ya kori ji. Don haka ne hoto yake da ƙarfi. Wanda bai iya karatu ba ma yana duban hoto ya gane. Hoto guda yana iya sa ƙato hawaye, ko ya sa zuciya ta tafasa. Amma hoto ba ya ɗaukar kansa. Mutum ne ke riƙe da na'ura. Shi ke zaɓen abin da zai shiga ciki, shi ke barin saura waje.

Yau za mu duba tsofaffin hotuna ukku. Ana samunsu cikin littattafan tarihi da intanet. Dukansu sun shafi abin da ya faru a ƙasar Tasawa cikin shekarar 1899. Mutanen Kona, da na Maijirgi, da maƙwabtanmu na Mayahi, ku matso kusa. Labarin gida ne.

Abin da ya faru

A watan Janairu na 1899 wata rundunar Faransa ta taso daga bakin kogin Kwara, ta nufi tafkin Cadi. Kapitan biyu ne shugabanninta, Vule da Shanuwan. A takardun Faransa ana rubuta sunansu Voulet da Chanoine. Turawan da ke ciki ba su kai goma ba. Saura sojoji ne baƙar fata, da masu dako waɗanda anka kamo bisa tilas.

Rundunar ba ta da isasshen guzuri. Duk garin da sunka shiga sai su kwashe hatsi da dabbobi. Garin da ya ƙi, su sa mishi wuta. Ran 16 ga Afrilu sunka yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu. Cikin watan Mayu sunka yi mummunan kisa a Birnin Ƙonni.

Labari ya kai Faransa ta wasiƙar wani hafsa da ya bar rundunar. Gwamnati ta aiko Kolonel Kulob ya tsai da su. Kulob ya biyo sawunsu, yana ratsa kufai bayan kufai. A Koran Kalgo ya tarar da gawawwaki, har da ƴan mata ƙanana rataye ga reshen itace. Ya rubuta haka cikin littafinsa na tafiya. Ran 14 ga Yuli ya cim ma Vule a Ɗankori. Vule ya sa anka harbe shi. Bayan kwana biyu sojojin sunka juya ma shugabanninsu baya. Sunka kashe Shanuwan ran 16 ga wata, Vule kuma ran 17. Anka rufe su a Maijirgi.

Hoto na farko: fuskokin kapitan biyu

Kowanensu yana da hotonsa. Saurayi ne cikin kayan soja, tsaf da shi, fuska a gyare. Sa'ad da sunka mutu Vule bai cika shekara 33 ba, Shanuwan yana da 28. Uban Shanuwan janar ne, har ya taɓa zama ministan yaƙi na Faransa a 1898.

Wanda ya san labarin, in ya ga hotunan nan sai ya yi tsuru. Ya zaci zai ga dodo, sai ga mutum. Muna cewa labarin zuciya a tambayi fuska. To, a nan karin maganar ta faɗi. Fuskar ba ta gaya muna komi. Kyan ɗan maciji ne.

Irin wanga hoto na girmamawa ne. A 1896 su biyun sun ci Wagadugu da yaƙi, a Faransa anka ɗauke su jarumawa. Mai hoto ya yi aikin da anka sa shi, ya fid da su da kwarjini. Babu hayaƙi ciki, babu kukan uwa, babu rumbun da anka fasa. Wannan shi ne aibin hoton.

Amma yana da amfani guda babba. Bayan abin ya faru, waɗansu a Faransa sun ce wai zafin ranar ƙasarmu ne ya haukata su. Hoton yana tuna muna wani abu dabam. Mutane ne masu suna, masu iyaye, masu galan a kafaɗa. Gwamnati ce ta zaɓe su, ta ba su bindigogi, ta nuna musu hanya. Laifi yana da mai shi.

Hoto na biyu: kaburbura a Maijirgi

Wanga tsohon hoto ne na kaburburan Vule da Shanuwan, ɗaya kusa da ɗaya. Maijirgi tana gabas da Tasawa, bakin babbar hanyar Damagaram. Da yawa cikinku sun ratsa ta ranar kasuwa.

Hoton kabari yana sanyaya jiki. Ko na wane ne, mai kallo yakan tuna tasa mutuwa, ya yi shiru. Wanda bai san tarihi ba zai ce: Allah sarki, baƙi biyu sun mutu nesa da gida. Nan ne hoton yake yaudara. Yana jawo tausai, ya kai shi inda bai kamata ya fara zuwa ba.

Ku tambayi kanku: ina hoton kabarin ƴan matan Koran Kalgo? Ina na mutanen Ƙonni? Waɗanda sunka yi kisa suna da suna, da ranar haihuwa, da kabari, da hoto. Waɗanda anka kashe ko ƙidaya su ba a yi daidai ba. Mai na'ura ya tsaya gaban kabari biyu, ya ba dubbai baya.

Akwai kuma abin mamaki. A 1923 wani Bafaranshe mai mulki a Tasawa, sunansa Delabinyet, ya sa anka buɗe kaburburan. Ya ba da labari cewa babu kowa ciki. Kun ga ke nan, ko hoton kabari ba ya faɗin abin da ke ƙarƙashin ƙasa.

Hoto na ukku: kan Rabe

Mutuwar kapitan biyu ba ta tsai da rundunar ba. A ƙarshen watan Yuli na 1899 ta ci Damagaram. Daga nan wani sashe nata ya wuce tafkin Cadi, ya gamu da waɗansu rundunonin Faransa biyu. Ran 22 ga Afrilu 1900 sunka yi yaƙi da Rabe a Kuseri. Anka kashe Rabe, anka sare kansa, anka ɗaga shi, anka ɗauki hoto. Daga baya anka buga shi cikin jarida a birnin Paris.

Cikin hotunan ukku, wanga ya fi tsanani. Tsikar jiki tana tashi. Mutum yakan kau da kai, kuma ya sake dubawa. An ɗauke shi don alfahari, a nuna ma mutanen Faransa an yi nasara, a nuna ma sauran sarakuna abin da ke jiran mai gardama.

Yau hoton ya juya ma masu shi. Sun ce sun zo su kawo wayewa. Ga shaida da hannunsu sunka ɗauka. Ta wanga fanni shi ya fi sauran biyu gaskiya, don bai ɓoye halin yaƙin ba.

Duk da haka a yi hattara. Tausai yana iya sa mu mance wane ne Rabe. Shi ma da bindiga ya ci Barno a 1893. Ya rushe Kukawa, ya zauna Dikwa, ya kama bayi masu yawa. Hoton ba ya faɗin haka. Ya nuna muna ƙarshensa kaɗai. Wulaƙanta gawa mugun aiki ne ko ta wane ce, amma wulaƙancin ba ya wanke mamaci daga abin da ya aikata.

Ga wani abin lura. A wanga yaƙi shugaban sojan Faransa, Kwamandan Lami, shi ma ya mutu. Shi anka sa ma sabon gari sunansa, For Lami. Sai a 1973 anka sake ma garin suna, ya koma Njamena, babban birnin Cadi. Rana ɗaya sunka mutu. Ɗaya ya samu birni, ɗaya ya samu wanga hoto.

Hoton da babu

Sarauniya Mangu ba ta da hoto. Babu mai na'urar da ya tsaya gabanta. Amma yau a Nijar sunanta ya fi na Vule tashi. Ta yaya? Ta bakin mutane. Tsofaffi sunka riƙe labarin. Abdullahi Mamani ya rubuta littafi bisa kanta a 1980. Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin finafinan Afirka na Wagadugu a 1987.

Nan ma a buɗe ido. Matar da ke cikin fim ɗin ƴar wasa ce daga Burkina Faso, sunanta Ai Keita. In wani ya nuna muku hotonta a waya, ya ce ga Sarauniya Mangu, ku gyara mishi.

A 2020 an yi wani fim mai suna African Apocalypse. Masu shi sun bi hanyar Vule gari gari. Sun zauna da jikokin waɗanda abin ya shafa, sun ɗauki maganarsu. Bayan shekara 121, na'ura ta juyo wajen mutanen da ta ba baya.

Tambaya ukku

To jama'a, duk sa'ad da wani tsohon hoto ya taɓa muku zuciya, kada ku hana ta motsi. Wanda ya ga kan Rabe bai ji komi ba, zuciyarsa ta bushe. Amma in hawaye sun tsaya, ku yi ma hoton tambaya ukku:

1. Wane ne ya ɗauke shi?
2. Don me ya ɗauke shi, wa yake so ya gani?
3. Wane ne ya kamata ya fito ciki, amma bai fito ba?

Tambaya ta ukku ta fi nauyi. Amsarta tana bakin tsofaffinmu. A Kona da garuruwan kewaye, ku tambayi dattawa abin da kakanninsu sunka faɗa musu game da shekarar da Nasara ya ratsa ƙasar Tasawa. Wane gari ya watse? Ina mutane sunka gudu? Wane ne bai komo ba? Dattijo in ya rasu, da abin da ke cikinsa ake rufe shi. Wanda ya iya rubutu ya rubuta sunayen, ya sa ranar da ya ji, da sunan wanda ya gaya mishi.

Haka kuma hotunan da ke cikin adakarku, na Makka, na aure, na katin zaɓe. Ku juya bayansu ku sa suna, da gari, da shekara. Jikokinku za su gode.

Gani yana da ƙarfi, babu musu. Amma a zancen 1899, wanda ya tsaya ga gani kaɗai, labarin Vule zai sani. Mai son labarin Koran Kalgo sai ya zauna ya kasa kunne.