Masu Riƙe Hannun Tsofaffin Sojoji

A ƙauyukan Ikara, Maƙarfi da Kudan har yanzu akwai dattawan da suka yi horo a Dafo na Zariya, wasu suka ga Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970, wasu suka je Laberiya da ECOMOG daga 1990. Yau hawan jini da ciwon gwiwa ne abokan gwagwarmayarsu. Likitoci da nas-nas na Asibitin Sojoji na 44 da ke Kaduna, waɗanda ke karɓar su ƙarƙashin inshorar lafiya ta DHML, sun cancanci yabo.

Amma jinjinata ta fi karkata ga matasan da ke zama da waɗannan iyaye. Da Hukumar Fanshon Sojoji ta kawo tantancewa ta intanet, har wanda ke zaune ƙetare ya huta da doguwar tafiya. To, tsohon sojan da idonsa ya raunana fa? Jikansa ne, ko mai shagon cajin waya, ke cike masa bayanai, ya ɗauki hotonsa, ya ce, "Baba, ɗago kai kaɗan," ya jira sabis ya dawo ba tare da ƙosawa ba. Wannan haƙurin yana burge ni matuƙa. Allah Ya saka musu da alheri.