Baki Kafin Hannu: Nazari a Kan Koyon Kalangu Don Sha'awa

Kiɗan sha'awa, wato kiɗan da mutum ke yi don jin daɗin ransa ba tare da ya sa ran a ba shi ko sisin kwabo ba, shi ne ɓangaren kiɗan Hausa da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, har ta kai wasu na cewa babu shi sam a al'adar. Hujjarsu ita ce kiɗa a ƙasar Hausa sana'a ce ta gado wadda ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da roƙo, kuma kowane abin kiɗa yana da ma'abotansa: tambari da kakaki da algaita na sarauta ne, kalangu na mahauta da 'yan dambe, dundufa ta maƙera, garaya ta maharba da 'yan bori, gangar noma kuwa sunanta ya riga ya faɗi masu ita. A bisa wannan lissafi, malamin makaranta ko ɗan kasuwar da ya sayi kalangu ya rataye a ɗakinsa, ko dai yana shirin zama maroƙi ne, ko kuma shashasha ne wanda ya rasa abin yi.

Ba a rasa dalilin da ya sa wannan ra'ayi ya kafu ba. Tun daga maƙalar M. G. Smith ta 1957 a kan roƙo, zuwa ƙamus ɗin kalmomin kiɗan Hausa da David Ames da Anthony King suka fitar a 1971, zuwa ayyukan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau a kan makaɗa da mawaƙa, hasken nazari ya fi sauka a kan masu suna da iyayen gida, domin su ne ake iya zuwa a same su a rubuta tarihinsu. Amma bayan wannan da'ira akwai kiɗan da ba a taɓa biyan kowa a kansa ba. Akwai shantu, dogon duman nan mai baki biyu da mata ke bugawa a cinya suna toshe bakinsa da tafin hannu. Akwai lugude, inda masu daka ke sarrafa taɓarya har turmi ya ba da amo. Akwai sarewar makiyayi da gwangwanayen yara 'yan tashe a watan azumi. Daga irin wannan kiɗa na cikin gida ne amada ta fito har ta haifar da Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013. Mamman Shata bai gaji waƙa ba, ya fara ta ne a dandali don nishaɗi, kuma Malam Maman Barka na Nijar malamin makaranta ne kafin gurminsa ya ɗauke shi daga aji.

Akwai kuma masu suka na biyu, 'yan zamani, waɗanda suka yarda a koyi kiɗa don sha'awa amma suka ce sai dai a fara da fiyano da rubutun kiɗa irin na Turawa, saboda a ganinsu kayan gargajiya ba su da ƙa'idar da ɗan koyo zai bi. Wannan magana ba ta buƙatar doguwar amsa. Fiyanon Yamaha da ya mamaye ɗakunan ɗaukar waƙoƙin finafinan Kano tun shekarun 1990 ya yi aikinsa, sai dai kowane maɓalli nasa amo ɗaya aka yanka masa, alhali kuwa kalangu yana da ƙa'ida tsayayya wadda ta girmi fiyanon a wannan ƙasa, kuma ɗan koyo ya riga ya haddace ta tun yana goye. Ƙa'idar ita ce karin harshen Hausa.

Kalangu ice ne da aka fafe, mai siririn ƙugu da baki biyu, an rufe kowane baki da fata, sannan aka haɗa fatun biyu da tsirkiyoyi, wato siraran igiyoyin fata da suka kewaye jikinsa daga wannan baki zuwa wancan. Makaɗi yakan rataya shi a kafaɗa ya saƙale shi a hammata, ya riƙe lanƙwasasshen icen bugu a ɗaya hannun. Idan ya matse tsirkiyoyin da damtsensa fata ta ɗaure, amo ya hau. Idan ya saki, fata ta saki, amo ya sauka. A nan ne kalangu ya haɗu da harshe, domin Hausa ma karin sauti uku take da su, wato karin sama da karin ƙasa da faɗau, wanda yake farawa sama ya zame ƙasa a cikin gaɓa ɗaya, ga kuma bambancin dogon wasali da gajere wanda ke tsara tazarar da ke tsakanin bugu da bugu.

Kalmar da ake rubutawa "fara" ta isa misali. Farar da ke cin amfanin gona tana farawa da karin ƙasa ta hau sama, don haka makaɗi zai yi bugun farko da sakakken damtse, sannan ya matse ya yi na biyu. Fara aiki akasin haka ne, matsi ne a bugun farko, saki a na biyu. Farar riga kuwa duka gaɓoɓinta biyu a sama suke, sai dai ta farko gajeriya ce, saboda haka damtse ba ya motsi ko kaɗan, bugun biyu ne kawai ke zuwa kusa da juna kamar ɗaya na korar ɗaya. Wanda ya iya raba waɗannan ukun a kan fata, har mai sauraro daga bayan katanga ya faɗi wadda ake nufi, ya kama hanya. Faɗau shi ne ya fi wahala kuma shi ne ya fi daɗi, domin ana buga shi ne a matse, sannan a saki damtse tun amon bai mutu ba, sai a ji kalangun ya yi wata 'yar ajiyar zuciya. Kuskuren da kusan kowane sabon hannu ke yi shi ne ya bari sai icen ya sauka sannan ya matse, sai duk wata gaɓa ta fito da wutsiya mai hawa, kiɗan ya koma kamar maganar baƙon da bai daɗe da zuwa Kano ba. Dole damtse ya riga ice isa, ko da da ƙiftawar ido ne. Kuskure na biyu shi ne bugu daga kafaɗa, wanda ke gajiyar da mutum kuma ya fasa fata, alhali aikin na wuyan hannu ne, icen ya taɓa ya tashi.

Wannan ne ya sa take yake da muhimmanci ga ɗan koyo fiye da yadda ake zato. Take jimla ce ta kiɗa da aka keɓe wa wani mutum ko wata sana'a ko sarauta, wadda ke da kalmomi a ƙarƙashinta ko da ba a furta su ba, shi ya sa ɗan dambe kan zabura ya shiga fage da zarar ya ji nasa. Makaɗin gargajiya ba ya ce wa yaronsa ya buga sau uku a sama sau biyu a ƙasa. Faɗa masa maganar yake yi, yaron ya maimaita da baki har ta zauna, sannan a bar hannu ya bi. Mai koyo don sha'awa yana iya yin haka da sunan garinsu ko gaisuwar safiya ko karin maganar da ya saba ji wajen kakarsa, ya furta a hankali, ya lura da inda muryarsa ta hau da inda ta sauka, ya nemi wurin a kan tsirkiya.

Abu ɗaya da masu kare gado suka faɗa daidai shi ne batun kuntuku, ƙaramin abin kiɗan nan mai baki ɗaya da ake kaɗawa da 'yan sanduna biyu don riƙe wa kalangu ma'auni. Yaron gidan makaɗa yakan daɗe a kansa, yana maimaita zubi ɗaya tun daga farkon wasa har ƙarshe, kafin a yarda ya saƙala babban kalangu. Mai sha'awa da ya sayi nasa da kuɗinsa babu mai tilasta masa wannan horo, kuma a nan ne yawancinsu ke faɗuwa: kalangunsu na magana, amma maganar ba ta da ƙafa, tana sauri tana tsayawa yadda ta ga dama. Maganin abin shi ne sauraron tsofaffin faya-fayen Shata da kunne a kan ƙaramin amon da ke ƙasa, a bar muryar da babban kalangu su wuce, a riƙa bin sa da yatsu a kan cinya ko bayan ƙwarya har sai ya daina kuɓucewa.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne mai kiɗan sha'awa ya fi makaɗin sana'a 'yancin bincike. Makaɗin sana'a yana kaɗa abin da zai sa a yi masa liƙi ne, taken mai kuɗi da kirarin mai mulki, shi kuwa wancan babu wanda yake jira ya sa hannu a aljihu, don haka yana iya ɓata yammaci guda a kan bambancin Hausar Sakkwato da ta Kano, ya ji yadda kalma ɗaya ke sauya matsin damtse daga wannan karin harshe zuwa wancan. Abin mamaki ne a ce ana koyar da karin sauti a sassan Hausa na jami'o'i da 'yan alamomi a kan allo, ɗalibai na haddacewa suna mantawa, alhali kalangu ɗaya a gaban aji zai sa kunne ya kama cikin sa'a guda abin da alli ya kasa a zango. A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa mai sunan El Hadj Taya, wadda aka buɗe a 1989, inda ake tattara kayan kiɗan gargajiya ana koyar da su ga wanda bai gada ba, kuma a can ne Maman Barka ya yi aiki. A Arewacin Nijeriya kuwa har yanzu hanyar da ta fi sauƙi ita ce mutum ya je wajen makaɗan mahauta ko na 'yan dambe ranar da ba su da wasa, ya yi gaisuwa, ya nemi a haɗa masa kalangu daidai damtsensa. Gara ya fara da rani, domin da damina fata kan sha danshi ta saki, amon sama ya ƙi fita komai matsi, sai an shanya kalangun a hantsi kafin ya dawo da muryarsa.