Maƙwabtaka kaɗai ba ta tara gayya

A 1992 Martin Nowak da Robert May suka buga wani bincike a mujallar Nature wanda har yau ake kafa hujja da shi. Sun zana fili a kwamfuta, suka yanka shi gida-gida kamar dara, kowane gida da mutum ɗaya: ko mai taimako, ko mai cin bulus. Kowa da maƙwabtansa kawai yake hulɗa, yana kwaikwayon wanda ya fi samu. Masu taimako sai suka dunƙule wuri guda, suka ƙi ƙarewa. A wasu sharuɗɗan sun tsaya a kusan kashi ɗaya cikin uku.

Binciken ya yi rawar gani wajen nuna yadda halaye mabambanta ke iya zama tare. Amma daga nan aka riƙa cewa kusanci shi ne ke haifar da haɗin kai. A nan muke da ja.

Ku duba karkarar Dambatta, Makoda da Kunchi. Gona na jingine da gona, kowa ya san kowa. Da kusanci ya isa, da gayya ta fi ƙarfi a nan. Amma yau yawancin aikin da ya fi ƙarfin gida 'yan ƙwadago ake biya. Ruwa rana ɗaya yake sauka wa kowa. Makon da ciyawa ta taso wa geronka, ta taso wa na maƙwabcinka. Shi ne kuma abokin takararka wajen sayen gona da taki.

Lissafin ma ya gano haka daga baya. A 2004 Christoph Hauert da Michael Doebeli suka nuna cewa idan mai taimako shi ma yana cin moriyar aikin, zama wuri guda sau da yawa rage haɗin kai yake yi. A 2006 Hisashi Ohtsuki da abokan aikinsa suka kawo ƙa'ida: sai amfanin taimako ya ninka wahalarsa fiye da adadin maƙwabtan mutum.

Akwai kuma abin da darar ba ta da shi. Mutanenta ba sa tafiya cin rani, ba sa auratayya, ba sa tuna wanda ya ƙi zuwa gayya bara.

Don haka mai kafa ƙungiyar manoma ko bashin rukuni, kada ya tsaya ga taswira. Ya tambayi wa ke zuwa wa wa. Zumunta a ƙafa take.