Jinjina ga Masu Gyaran Waya na Farm Centre

A kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, teburin mai gyara bai wuce kamu huɗu ba, amma a kansa ake farfaɗo da wayar da mai ita ya fidda rai da ita. Kayan aikinsa ba su da yawa: ƙarfen liƙi mai siririn baki, zaren dalma, man liƙi, hantsaki, mita da injin hura iska mai zafi.

Dubi yadda yake ɗaga wata ƙwaya ta cikin waya da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Sai ya shafa mai, ya kewaya da iska a hankali har dalmar ta yi ƙyalli, sannan ya ɗauke ta ba tare da ya ƙona maƙwabtanta ba. Ya san dalma mai guba mai haɗin 63/37 tana narkewa a digiri 183, marar gubar kuwa sai ta kai wajen 217.

Waɗannan gwanaye sun nuna cewa tsadar kaya ba ita ce gwaninta ba. Mai son koyo da ƙaramin jari, ya fara da ƙarfen da ake iya saita zafinsa da dalma mai kyau, ya yi ta gwaji a kan matattun wayoyi. Allah ya ƙara wa sana'a albarka.