Ƙaddara da Zaɓi cikin Jiki Magayi

Daga cikin littattafan da ofishin talifi na Zariya ya fitar a tsakiyar shekarun 1930, babu wanda ya taɓo maganar ƙaddara kamar Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East. Ana iya karanta shi a kan cewa gargaɗi ne ga mai ramuwar gayya. Nufinmu a wannan takarda shi ne mu duba ko labarin ya ɗauki nauyin wannan gargaɗi.

Ga yadda abin yake a taƙaice. Malam Shehu attajiri ne marar haihuwa, ya auri Zainabu wadda Abubakar ke so. Abubakar ya shiga duniya neman asiri, ya samu, ya jefi ɗan da aka haifa, watau Kyauta. Yaro ya tashi ɓarawo, har ya kashe ubansa bai san shi ba ne. To, laifin wa?

Tambayar tsohuwa ce. Jabariyya sun ce bawa ba shi da zaɓi ko kaɗan. Mu'utazilawa suka ce shi ne mai samar da aikinsa. Imam Ash'ari ya bi tsakani: Allah ke halittar aiki, bawa kuwa yana da kasabi, a kansa ake yi masa hisabi. A Turai kuma akwai waɗanda suka cire Mahalicci daga lissafi, amma suka riƙe tilas ɗin. A 1814 Laplace na Faransa ya ce da akwai hankalin da ya san matsayin kowace ƙwayar abu da ƙarfin da ke motsa ta, da gobe ta bayyana gare shi kamar jiya. A ganin masu wannan ra'ayi, gado da reno da yunwa su ke tuƙa mutum, zaɓi kuwa suna ne da muke ba jahilcinmu na sababai.

Harshenmu ma ya raba tsakanin abin da mutum ya aikata da abin da ya same shi. Muna cewa yaro ya fasa tulu, muna kuma cewa tulu ya fashe. Mukan ce barci ya kwashe shi, zuciya ta ɗebe shi, sai mutum ya koma abin da aka yi wa aiki. Aikatau masu ƙarewa da wasalin u, waɗanda F. W. Parsons ya sa a aji na 7 cikin tsarinsa na 1960, irin su auku da faru da yiwu, ba su ambaton mai aikatawa sam.

Manomin auduga na Funtuwa ko Malumfashi yana aiki da wannan rarrabewa kowace damina. Farin 1973 bai sa an zagi kowa ba, sai aka ce haka Allah ya so. Amma wanda ya bar ciyawa ta cinye gonarsa, bai yi noman fari ba balle maimai, sunansa rago. Mai ra'ayin tilas zai ce ragwancin ma yana da sababinsa, kamar yadda fari yake da nasa. Mun yarda. Sai dai faɗa da kunya da ganin rumbun maƙwabci a cike suna canja rago, ba su canja hadari. Zargi shi kansa yana cikin sababai. Saboda haka ko da tilas gaskiya ce, hukunci yana da amfani muddin wanda ake yi wa shi yana iya juyowa.

A nan ne littafin ya yi rauni. Ma'anar jiki magayi ita ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho, watau wuya tana koyar da mutum. Amma marubutan sun ɗaure halin Kyauta da asiri, har ya zama nasiha ko bulala ba za ta ratsa shi ba. Sun mai da shi kamar hadari, alhali suna so mu karanta shi kamar rago. Karin maganar ta dace da Malam Shehu da Abubakar, domin su ne suka ga hanya biyu suka ɗauki ɗaya. Kyauta kuwa makami ne kurum, ba a kai wuƙa gaban alƙali.

Da sun bar asirin, labarin zai tsaya da ƙafarsa, har ma ya fi ƙarfi. Ɗan da aka daɗe ana jira a gidan mai dukiya, ba a rasa abin da zai lalata shi. Da haka mai karatu zai riƙa tambayar kansa a wane mataki ne yaron zai iya tsayawa.

Duk da haka akwai wuri guda da suka yi gwaninta. Sa'ad da Kyauta ya gane tushen masifarsa, sai ya tashi neman Abubakar don ya rama. Mutumin da aka hana zaɓi, ga shi yana ɗora wa wani alhakin zaɓinsa. Shawararmu ga malamai ita ce su tsai da ɗalibai a nan, su tambaye su: in Kyauta ba shi da laifi domin an yi masa asiri, me za a ce da Abubakar wanda dukiyar wani ta raba shi da Zainabu?