Jinjina ga Makarantar Mishan ta Wusasa

A 1929 ne mishan ɗin CMS ta tashi daga cikin birnin Zariya ta koma Wusasa, gindin dutsen Kufena. Tun kafin nan Likita Mila na mishan ɗin yake tara yara yana koya musu karatu da rubutu, a zamanin da iyaye ke gudun boko. Makarantar St. Bartholomew da ta kafu a can ba ta da wani babban gini, amma a duba waɗanda suka fito daga hannun malaman wannan mishan. Dakta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa. Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Sai Janar Yakubu Gowon, wanda mahaifinsa ma'aikacin cocin garin ne.

Ni malaman nake yi wa jinjina, musamman 'yan ƙasa, da suka riƙe alli kan albashi kaɗan, suka koyar da yara da Hausa kafin Turanci. Sunayen yawancinsu sun ɓace, abin da ke damuna ke nan.



Mu mutanen Dapchi, Nguru da Gashuwa mun san tsadar karatu tun da aka sace 'yan matanmu daga makaranta a Dapchi a 2018. Don kada sunayen namu malaman su ɓace kamar na Wusasa, mu nemi tsofaffin malamanmu, mu rubuta tarihin makarantunmu tun suna raye.