Kafin a Ɗora Ɗaki a Kan Amalanke

Aikin amalanke ya fara sauya kama a rumfunan masu walda na ƙasar Arewa, daga Dogondutsi har Kore Mairuwa da Tibiri. A da buƙatar manomi ba ta wuce gado mai ƙwari, da ƙafafu biyu, da hannuwan da za a ɗaura wa jaki ko sandar karkiyar shanu ba. Yanzu sai ka ji mai amalanke yana cewa, "Malam, ƙara mini tsawo ta baya, ka tsayar da ƙarafa huɗu, mu rufa." Mai lambu yana so ya kwana kusa da dankalinsa da rani. Makiyayi mai ƙaura da iyali yana neman inuwa ga yara da tsofaffi. Mai bin kasuwannin mako yana son inda zai kulle kaya ya miƙe bayansa. Ga kuma ƙauyukan da har yau amalanke ce ke kai mai naƙuda asibiti, kuma babu mai son a ɗauki matarsa a fili, rana na dukanta, jama'a na kallo. Wannan buƙata ta gaskiya ce, ina tare da ita. Abin da ke damuna shi ne yadda ake biyan ta.

Amalanken da muka gada an yi ta ne da awo. Ma'aikatun gwamnati irin su CDARMA a Doso, da ACREMA a Tawa, da UCOMA a Damagaram sun ƙera ta da nauyin da aka ƙayyade: ta jaki wajen kilo 500, ta shanu wajen tan guda. Da bashin manoma ya tsaya a shekarun 1980, sannan aka karya darajar sefa a watan Janairun 1994 kayan waje suka yi tsada, sai aikin ya ƙara komawa hannun maƙeran gari. Su ne suka riƙa ciro ƙarfen ƙafafu daga matattun motoci suna ɗora gado a kai, kuma sun cancanci yabo, domin da ba don su ba, da taki bai kai gona ba, da gero bai zo gida ba. Amma awon nan na farko an yi shi ne don shimfiɗaɗɗen gado mai ɗaukar damman hatsi da jarkokin ruwa. Ba a yi shi don ɗaki ba.

Amalanke mai ƙafa biyu sikeli ce. Ƙarfen ƙafafu shi ne tsakiya, jaki yana gefe ɗaya, bayan gado yana ɗaya gefen. Tsofaffin masu amalanke sun san wannan ba tare da alƙalami ba: idan sun gama lodi, sai su ɗaga hannuwan su ji. Dole nauyi ya ɗan rinjaya gaba, gwargwadon abin da mutum zai ɗaga ba tare da nishi ba. To, ka ƙara wa gado rabin mita ta baya, ka bar ƙafafu inda suke, ka kuma ɗora akwatin kaya da ƙofar ƙarfe a can ƙarshe. Kilo 50 da ke mita guda a bayan ƙafafu, idan daga ƙafafu zuwa akumari mita biyu da rabi ne, zai ɗage kilo 20 daga bayan jaki. A fili ba za ka ga komai ba. Sai an zo hawan tudu, ko fita daga kwari, nauyin ya ƙara zamewa baya, igiyar ciki ta fara ɗaga dabbar, ƙafafunta na gaba su rasa inda za su kama ƙasa. Wanda ya taɓa ganin jaki a rataye tsakanin hannuwan amalanke ba ya mantawa. Idan kuma aka ji tsoron haka aka tura komai gaba, sai gadon bayansa ya biya: gyambon da ke ƙarƙashin akumari, wanda ba ya warkewa saboda kullum ana fama shi. Jakinmu da wuya ya kai kilo 150. Ba shi da bakin da zai ce an yi masa yawa.

Ba mu kaɗai ke wannan sana'a ba. A Amurka akwai masu sayen ƙaramar tirela a kwali, irin wadda kantin Harbor Freight ke sayarwa, ƙafa 4 a faɗi, 8 a tsawo, su ɗaure ta da noti a gida, su gina ɗan ɗakin kwana a kai su ja da mota. Mafi ƙanƙantar irin wannan girma tana ɗaukar kilo 540 da 'yan kai, kusan daidai da amalanken jakinmu. Abin da ya burge ni a wurinsu shi ne, kafin su yanka katako ko ɗaya, magana ta farko ita ce inda ƙafafu za su zauna. Da yake madafarsu a baya take, sukan kwance ƙarfen ƙafafu su matsar da shi baya, har sai kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin ya sauka a kan maƙalar mota. A Ingila kuwa, keken dokin da 'yan ƙabilar Romani masu yawo suka riƙa zama a ciki tun ƙarni na 19 ƙafa huɗu gare shi, don haka dokin ja kawai yake yi, ba ya ɗauka. Mu ƙafa biyu muke da su, saboda rairayin Dallol Mauri da kuma tsadar taya, don haka awo ya fi zama wajibi a kanmu.

Sai maganar tsayi. Mai amalanke yana so ya tsaya a miƙe cikin ɗakinsa, mai walda kuma yana son a ga aikinsa daga nesa, sai a tayar da bango na kwano kusan mita biyu a kan ƙafafun da tazararsu ba ta kai haka ba. Hanyoyinmu na Matankari, da Kieshe, da Gesheme ba shimfiɗaɗɗu ba ne; ƙafa ɗaya tana cikin rami, ɗaya tana kan tudu. Ƙara da guguwar farkon damina, wadda ke kwashe rufin gidaje masu tushe a ƙasa. Kuma kwano a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ba wurin kwantar da mara lafiya ba ne ko jariri.

Akwai wani abu da nake roƙon masu walda su daina, ko da mai kaya ya matsa: ɗora wuta a tsakiyar ƙarfen ƙafafu don a ƙara masa faɗi, ko a liƙa masa ginshiƙin rumfa. Ƙarfen ya riga ya yi shekaru a ƙarƙashin mota. Inda aka yanke aka haɗa, nan zai buɗe, kuma ba ya buɗewa sai da lodi, a nesa da gari. Haka ma haɗa tsawon gado baki da baki da ɗigon walda biyu. In za a ƙara, a ɗora wani ƙarfe ya haye mahaɗar ta kowane gefe, a kuma sa mahaɗar nesa da inda gado ke zaune a kan ƙafafu. Na san abin da ake faɗa: "Ai ƙarfe ne, ba ya gajiya." Yana gajiya. Duk makanikin da ya taɓa canza sifirin ɗin mota zai shaida.

Ni a ganina, amsar tana wurin mutanen da suka riga mu iya ɗaki mai tafiya. Matan Fulani da na Buzaye sun daɗe suna kafa ɗaki da lanƙwasassun sanduna da tabarmi, su kwance shi da safe su ɗora wa dabba. Babu abin da ya hana mai walda ya liƙa gajerun bututu shida a gefen gado, ya lanƙwasa siraran rodi uku su shiga ciki kamar baka, a yafa tabarmar kaba, a ɗora tamfol in hadari ya taso. Nauyin duka bai kai buhun gero ba. Iska tana ratsawa. Ranar kai taki, sai a zare a jingine a zaure, amalanke ta koma aikinta, domin gida nawa ne a Arewa ke da amalanke biyu? Kuɗin ma kaɗan ne, ga shi masu saƙar tabarma sun samu ciniki. Na san wasu za su ce wannan bai yi kama da ci gaba ba, kwano da fenti sun fi cika ido. Mai sayar da kaya da ke buƙatar kulle yana da hujja. Shi a yi masa akwati gajere, a zaunar da shi daidai kan ƙafafu, ba a baya ba.

Abu biyu ƙanana kuma da ake mantawa. Na ɗaya, ƙafar tokare gaba da baya, mai naɗewa. Amalanken da za a kwana a kai dole ta tsaya da kanta bayan an kwance dabba, in ba haka ba mutum ya juya cikin barci ta ɗage da shi, ko kuma a bar jaki a ɗaure tsawon dare yana riƙe da gadon maigidansa. Na biyu, abin ƙyalli a baya. Babbar hanyar Yamai zuwa Birnin Konni ta ratsa Kore Mairuwa da Dogondutsi, manyan motoci ba sa barci a kanta, kuma amalanke mai rufi ta fi faɗi a duhu, mai tuƙa ta kuma ba ya ganin bayansa.

Ga masu koyar da yara walda, a rumfa ko a cibiyoyin koyon sana'a, ina da roƙo ɗaya. Kada amalanke ta bar hannunku sai an gwada ta da kayan da za ta ɗauka da gaske: a shimfiɗa katifar, a ɗora jarkokin, mutum biyu su hau su zauna inda za su zauna, sannan yaron shago ya ɗaga hannuwan a gaban mai ita. In sun fi ƙarfinsa, ko sun nemi tashi sama da kansu, a matsar da ƙafafu kafin a karɓi cikon kuɗi.